Hambakar folokom ko ta sayen daban: wacce ta cancanci kuɗin mai jita a Kano?

Duk wanda jitar lantarki ta yi shekara a hannunsa, wata rana sai wani ya ce masa ai fikof ɗinsa, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya tura wa amfilifaya, shi ne matsalar. A Sabon Gari haka ake faɗa, a situdiyoyin Zoo Road ma haka: cire folokom, wato wanda ya zo da jitar, sa na kamfanin Seymour Duncan, sauti ya buɗe. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta kai yadda ake kambama ta ba. Hambaka nau'in fikof ce, kuma wadda ke zuwa da jita mai matsakaicin kuɗi ta isa aiki, kuma galibin laifin da ake ɗora mata na wani ne: ko tazararta da tsirkiya, ko fot ɗin boliyom, wato abin murɗa murya, ko soket marar at, wato wayar da ke sauke wuta a ƙasa. Wadda ke zuwa da jita mai arha ƙwarai ita ce ta cancanci a cire, ita ma sai mutum ya san abin da zai sa a gurbinta, don ba kowace mai tsada ce ta dace da irin kiɗan da ake yi a garin nan ba.

Hambaka koyil biyu ce, wato naɗin waya biyu, gefe da gefe, da sandar maganaɗisu guda kwance a ƙarƙashinsu, koyil ɗaya na kallon arewar maganaɗisun, ɗaya kudu. An haɗa su a juye, don haka gurnanin wutar lantarki da ya shiga su biyun sai ya cinye juna, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya yi kauri. Seth Lover ne ya tsara ta wa kamfanin Gibson, aka nemi rajistarta a 1955, ta hau jitar Les Paul a 1957. Ita ce ake kira PAF, gajarcen Patent Applied For, wato an nemi rajista. Siririyar waya mai lamba 42 ce, wajen zagaye 5,000 a kowane koyil, mitar awon juriya na karanta tsakanin 7.5k zuwa 8.5k, k ɗin na nufin om dubu. Kusan duk hambakar da ke kasuwa yau jikanyarta ce.

Kasuwar fikof na canji kuwa daga baya ta zo. Larry DiMarzio ya fito da Super Distortion a 1972, mai maganaɗisun siramik da naɗin da ya haura 13k, Seymour Duncan kuma ya kafa kamfaninsa a Kalifoniya a 1976. A lokacin amfilifaya ba ta da kaushi na kanta sosai, sai an turo mata sigina mai ƙarfi ta fara gurzawa. Wannan dalilin ya kau. Ƙaramin akwatin Zoom ko Boss da ke gaban kusan kowane mai jita a coci ko wurin biki yana ba da kaushin da ya fi ƙarfin buƙata. Saboda haka ƙarfin fikof ba shi ne abin nema yanzu ba, tsabtar sauti ce, kuma nan ne mutane da yawa ke sayen kishiyar abin da suke so.

A ɗauki hambakar jita marar suna, irin wadda ake samu da arha a shagunan kayan kiɗa, a juya bayanta. Farantin ƙasa rawaya ne, tagulla ke nan. A kankare cikin murfin da bakin sukundireba, a ƙarƙashin farin shafen sai rawaya ta sake bayyana. Maganaɗisun siramik ne, baƙi ƙirin, mai kauri, sau da yawa an liƙe shi da gam. Waya biyu kawai ta fito, kuma in aka ƙwanƙwasa murfin da fensir amfilifaya na kunne, sai a ji ƙwas-ƙwas a sifika kamar makirufo. A cikin waɗannan, murfin tagulla ne babban ɓarawo. Tagulla na shanye sautin sama, shi ya sa jitar ke yin kamar an lulluɓe sifika da bargo. Kamfanoni masu suna galibi da farin ƙarfen nikel suke yin murfi da faranti, wanda bai cika taɓa sautin ba. Ƙwas-ƙwas ɗin kuma alamar ba a jiƙa koyil da kaki yadda ya kamata ba, kuma shi ne ke zama kuka mai tsinin nan in an ƙara murya. Siramik shi kansa ba laifi ba ne, manyan kamfanoni na amfani da shi. Matsalar ita ce haɗuwarsa da naɗi mai yawa da murfin tagulla: ƙarfi ya yi yawa, sama ta toshe.

Sama da wannan aji labari ya bambanta. 650R da 700T da ke kan ƙananan Epiphone siramik ne, suna da ƙarfi, kuma ta wuya, wato wadda ke kusa da wuyan jita, na yin laka in aka kaɗa tsirkiya shida tare. Ana iya zama da su, amma su ne iyakar inda canji ke da riba a fili. ProBucker ta Epiphone kuwa, mai maganaɗisun alniko 2 da farantin nikel, ba mu ga dalilin cire ta ba. Wanda ya cire ta ya sa '59 ta Seymour Duncan zai ji bambanci, amma irin bambancin da ganga da fiyano ke haɗiyewa da zarar sun shigo. Hambakar Yamaha Pacifica 112V, mai alniko 5, ita ma haka. Infinity da ke kan Ibanez GIO tana yin aikin kaushi, a sauti garau ne take bushewa. Abin mamaki, 490R da 498T na Gibson kansa suna cikin waɗanda aka fi cirewa: ta wuya mai duhu, ta birij mai tsini da ƙarfi, in ka saita amfilifaya don ɗaya sai ɗayar ta ɓaci. Birij ɗin nan shi ne abin da masu goge ke kira jaki.

Kafin a taɓa aljihu, a ɗauko sukundireba da rula. A danne tsirkiya a firet na ƙarshe, a auna daga ƙasan tsirkiyar zuwa kan sukurun fikof. A fara da milimita 2.4 a gefen tsirkiya mai kauri, 1.6 zuwa 2 a gefen siririya. Fikof ɗin wuya da ke yin laka, a saukar da gefensa mai kauri da rabin zagaye-rabin zagaye, ana saurara. In ya yi ƙasa sosai, a ɗaga sukurori shidan nan na kansa da zagaye ɗaya, sautin zai ƙara fitowa ba tare da kaurin ya dawo ba. Yawancin jitocin da ake kawowa gwanjo fikof ɗinsu ya kusa taɓa tsirkiya, saboda wani ya ɗauka kusanci shi ne ƙarfi. Ƙarfin yana ƙaruwa, amma sautin na cushewa. Wannan gyaran na minti goma ne, kyauta, kuma yana warware ƙorafi fiye da yadda masu sayar da fikof za su so a sani.

Sai mita, irin ta masu gyaran waya a Farm Centre. A sa kebul a jita, a buɗe boliyom har ƙarshe, a zaɓi fikof ɗaya, a sa mita a 20k, a taɓa kan fulogi da jikinsa. Fikof mai 8k zai nuna wajen 7.9k saboda fot ɗin da ke layin. In aka zaɓi biyun tare aka ga wajen 4k, lafiya ce. In fikof ɗaya ya nuna rabin abin da ya kamata, koyil ɗaya ba ya aiki. In mita ba ta motsa ba, waya ta tsinke. Amma a kula da zafin Kano. Jan ƙarfe na ƙara juriya da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, kamfanoni kuma a ɗaki mai sanyi suke awo. JB ta Seymour Duncan da aka rubuta mata wajen 16.5k na iya nuna kusan 17.8k a shago da azahar ɗin Afrilu. Wannan ba shaidar jabu ba ce. Kuma lambar nan ba ma'aunin daɗi ba ce, tana nuna tsawon waya da kaurinta ne kawai.

Fot ya fi cancantar zargi fiye da fikof. Hambaka fot mai 500k take so. Da 250k sama na mutuwa, kuma ana samun jitar da wani mai gyara ya sa mata duk abin da ya samu a akwati. Gibson ma ya yi shekaru yana sa 300k, shi ya sa wasu ke canja fot kawai su ji 490R ta farka. Ko wanda aka rubuta wa 500k na iya zama 420k, don sassaucin awonsu ya kai kashi 20 cikin 100, saboda haka a cire waya a auna ƙafafu biyu na gefe. Kafasitar ton mai maikurofarad 0.022 ce ta al'ada. Ƙurar hunturu kuma ita ke sa fot ƙarar-ƙarar in an murɗa. A fesa masa maganin wanke kayan lantarki, ba man da ake sa wa kwaɗo ko sarƙar babur ba, wannan ƙura yake tarawa. Kebul ma na da hannu: kowace mita na ƙara wajen fikofarad 100, don haka kebul mai mita 10 na dusashe sama fiye da bambancin da ke tsakanin fikof biyu masu kama da juna. Mita 3 zuwa 5 ya isa daga jita zuwa akwatin farko.

Maganar ƙara ita ce inda aka fi asarar kuɗi. Hambaka na kashe gurnanin da ke zuwa ta maganaɗisu, irin na taransifoma da sitabilaiza, wanda a nan yake kan 50 a daƙiƙa. Ba ta kashe zizar da ke fitowa daga ƙwan fitila mai arha, cajar waya, inbata ko janareta. Wannan aikin at ne da rufin ramin wayoyi. Gwajin mai sauƙi ne. In ka taɓa tsirkiya ziza ta ragu, wayar at ɗin birij na aiki, ramin ne ba shi da rufi: a shimfiɗe shi da tef ɗin jan ƙarfe, ko takardar alminiyom da gam, a tabbatar da mita cewa ta haɗu da bayan fot. In ka taɓa babu abin da ya canja, wayar birij ta tsinke. In ka taɓa ziza ta ƙaru, an juya wayoyin ramin fulogi. In kuwa tsirkiya na ɗan cizon yatsa, ko makirufo na cizon leɓe, to a kashe komai, amfilifayar ba ta da at, kuma tsirkiyoyin a haɗe suke da jikinta. Wannan mai aikin wuta ake kira, ba mai jita ba, kuma babu fikof ɗin da zai gyara shi ko da dala nawa aka saye shi.

In duk an bi wannan sautin bai yi ba, to a saya. Ga mai kiɗan coci, hailaif, makosa ko raka waƙa a situdiyo, inda jita ke fitowa garau, abin nema shi ne mai ƙaramin naɗi. '59 ta Seymour Duncan, alniko 5, wajen 7.5k a wuya da ɗan sama da 8k a birij, ta fi kowacce sauƙin zama. Aibinta ɗaya, a wuyan jita mai nauyin katako ƙasanta na yin yawa, sai an saukar da ita. Jazz ta fi ta tsabta a wuya, kowace tsirkiya na fitowa daban, mu ita muka fi so ga mai yawan kiɗan yatsu. PAF 36th Anniversary ta DiMarzio tana wannan layin, da ɗan zaƙi a tsakiya. Tonerider da Wilkinson na ba da mafi yawan wannan a kuɗin da bai kai nasu ba, kuma a kan jita mai arha su suka fi dacewa da hankali. Duncan ɗaya na kaiwa wajen dala 100 kafin kuɗin kawowa. A buga biyu da canjin Wapa, sau da yawa sai a ga sun fi jitar kanta kuɗi.

JB ita ce sunan da kowa ya sani, kuma ita aka fi saya bisa kuskure. Fikof ce mai kyau ga mai kiɗan kaushi da solo, tana da tsini a tsakiyar sama da ke ratsa taron kayan kiɗa. A sauti garau kuwa tana da hanci, kuma tana saurin cika bakin ƙaramar mikisa har ta fashe. Super Distortion ta fi ta kauri, ta fi ta rashin dacewa da hailaif. Amma JB na da wata riba da ba a cika faɗa ba: waya huɗu gare ta. In aka haɗa koyil ɗinta a jere maimakon a bi-da-bi, wato baƙa da ja su zama mai ɗauke da sauti, fara da koriya su tafi at, juriyar na sauka zuwa wajen 4k, sautin ya yi siriri ya yi haske, kuma har yanzu tana kashe gurnani. Mai son kusantar salon jitar Buzayen Agadas, wanda galibi da fikof mai koyil ɗaya ake yi, wannan ya fi masa kashe koyil ɗaya, don kashewar na dawo da gurnanin nan take. Fot mai ja da turawa guda ɗaya ya isa a riƙa sauyawa.

EMG kuma wata duniya ce. Tana da ƙaramar amfilifaya a ciki, tana cin batir mai bolt 9, tana son fot na 25k da ramin fulogi mai ƙafa uku, don haka kusan duk kayan cikin jita za a sauya, kuma sai an samo wa batir wurin zama. A wurin da wuta ke da datti ita ce ta fi kowa shiru, dogon kebul bai dame ta ba, kuma ba ta buƙatar a haɗa tsirkiya da at. 81 ta kaushi ce zalla, a garau ba ta da rai. 85 ko 60 sun fi. Fulogi ne makunninta, wanda ya bar kebul a jiki kwana da kwanaki zai tarar batir ya mutu, kuma batir mai arhan nan na tebur na yoyo ya ci wayoyi. Alkalin ake sa mata.

Wurin sawa, a fara da awo. A auna daga tsirkiya ta farko zuwa ta shida daidai kan fikof ɗin birij. In bai wuce milimita 50 ba, ta al'ada za a saya. In ya wuce, kamar yadda yake a jitoci masu sandar lanƙwasa sauti, Trembucker ake nema a Duncan, F-spaced a DiMarzio. Trembucker ta ɗan fi faɗi, wani lokaci sai an goge bakin zoben roba da fayil. Sukurorin tsayi na Amurka da na Asiya zarensu daban ne, a yi amfani da waɗanda suka zo a kwali. Wanda ya tilasta tsohon sukuru zai cinye zaren ƙafar fikof, kuma gyaran wannan ya fi sawar wahala.

Launin waya kuma kowane kamfani da nasa, nan ake yawan kuskure. A Duncan baƙa ce mai sauti, a haɗa ja da fara a naɗe su da tef, koriya da tsirarar waya su tafi bayan fot. A DiMarzio ja ce mai sauti, baƙa da fara ake haɗawa, koriya da tsirara at. A Gibson mai waya huɗu ja ce mai sauti, koriya da fara ake haɗawa, baƙa da tsirara at. In aka canja fikof ɗaya aka bar ɗaya, a gwada matsayin tsakiya. In sautin ya yi siriri kamar ta hanci, murya ta ragu, to suna cin juna ne. A musanya mai sauti da ta at a sabuwar, wato baƙa da koriya a Duncan, amma tsirarar ta zauna a at ko yaushe. Ƙarfen narka dalma mai wat 40 ya isa, da dalma 60/40, wadda masu gyaran rediyo ke kira led. A kankare bayan fot har ya yi haske, a fara shafa masa dalma, sannan a ɗora waya, daƙiƙa uku ko huɗu. Ƙarfe marar zafi shi ke sa a daɗe a kai har cikin fot ya dahu. Liƙi mai kyau sumul yake yana sheƙi, wanda ya yi kamar dunƙulen toka zai saki a tsakiyar biki. A rufe jikin jita da tsumma, ɗigon dalma ɗaya na huda fenti.

Jabu sun yi yawa, musamman JB da EMG 81, a shafukan saye ta intanet da kan jitocin gwanjo. Tambarin da ke sama ba shaida ba ne, kowa na iya buga shi. A juya baya: Duncan ta gaske farantinta fari ne da sunan kamfani a jiki da takardar lambar samfuri. Faranti rawaya, ko baƙin siramik a cikin abin da aka ce JB ce, ya gama magana. Wadda aka rubuta wa Duncan Designed ba jabu ba ce, ta lasisi ce da ake yi wa jitoci masu sauƙin kuɗi, amma kada a biya mata kuɗin ta Amurka.

Akwai kuma hanya ta tsakiya ga wanda dala ta yi wa nisa. Fikof mai kuka ana jiƙa shi da kaki: kashi 80 kyandir, 20 kakin zuma, a gwangwani, gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi, a tsaya wajen digiri 65. Kada gwangwanin ya hau wuta kai tsaye, kakin na kamawa, zafi mai yawa kuma na lanƙwasa robar koyil. A nutsar da shi minti 10 zuwa 15 har kumfa ta daina tasowa, a tsame, a goge. Kafin nan a duba sifirin ɗin tsayi, don sakakken sifirin ma na kuka, guntun soso a ƙarƙashin fikof na maganinsa. Wannan kakin ne kuma ke narkewa in aka bar jita a but ɗin mota a ranar bazara: za a ga farin maiƙo ya tsattsafo a gindin sukurori, bayan nan kukan da ba a san shi ba ya fara. Murfin tagulla ana iya cire shi gaba ɗaya, ɗigon dalma biyu ne ke riƙe shi a baya, a yanke su da reza a zare a hankali, kada bakin sukundireba ya kusanci koyil, don wayar ta fi gashi siriri. Maganaɗisu ma ana sauyawa in ba a liƙe yake ba: a sassauta sukurori huɗu na faranti, a yi wa gefen arewa alama da kamfas, a zaro, a tura sandar alniko mai tsawon wajen milimita 63 da faɗin 12.5 a fuska ɗaya. Alniko 2 na tausasa sama, alniko 5 na tsaurara ƙasa.

Tsohon fikof kuma a cire shi daga inda aka liƙa shi da dalma, kada a datse wayar a gindi, a naɗe shi da sukurorinsa a ajiye. Ranar sayar da jita mai saye a Sabon Gari ba zai ƙara ko sisi don akwai Duncan a ciki ba. A mayar da folokom, a sayar da Duncan ɗin daban, ko ta koma jita ta gaba.